Ilimin Zamantakewa a Makarantun Elamantare na Sudan da Matsayin 'Ya'yan Hausawan Rufa'a da Jazira

1.0 Gabatarwa

Ilimin zamantakewa shi ne darasin da ake koya wa yaro domin ya san garinsu da ƙasarsu da mutanen da yake zaune tare da su. A makarantun da, ba a san shi da wannan suna ba. An raba shi ne gida uku, wato labarin ƙasa da tarihi da tarbiyyar ɗan ƙasa. Ko da wane suna aka kira shi, aikinsa guda ne, wato ya nuna wa yaro su wane ne mutanen ƙasa, kuma ina nasa gurbin yake a cikinsu.

Wannan takarda za ta bi tarihin wannan darasi a ƙasar Sudan, musamman a yankin Rufa'a da Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, inda Hausawa suka fi shekara ɗari suna zaune. Za a duba yadda Hausawa suka isa can, da irin ilimin da suke ba 'ya'yansu, da abin da makarantar gwamnati ta koyar game da ƙasa, da kuma abin da ta bari ba ta koyar ba.

2.0 Zuwan Hausawa Gaɓar Shuɗin Nilu

Hanyar hajji ce ta fara kai Hausawa Sudan. Kafin jirgin sama ya yawaita, maniyyaci yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da ƙafa ko bisa jaki, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kordofan, ya haye Nilu, sannan ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin guzuri yakan ƙare a hanya, sai mutum ya yada zango ya yi noma ko ƙwadago kafin ya ci gaba. Da yawa ba su kai Makka ba, wasu kuma sun kai amma a kan hanyar komowa suka zauna. Mutanen Sudan suna kiran waɗannan baƙi Fallata ko Takari, sunan da ya haɗa Fulani da Hausawa da Barebari ba tare da bambancewa ba.

Ƙaura mafi girma ta biyo bayan cin Daular Sakkwato. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas. Sun sauka a Shaihu Ɗalha a bakin Shuɗin Nilu, daga baya suka kafa garin da har yanzu ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar. Shugabannin wannan hijira Fulani ne, amma akwai Hausawa da yawa a cikin ayarin, wasu kuma suka yi ta biyo sawu shekara da shekaru.

Abu na uku da ya jawo jama'a shi ne auduga. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman rani na Jazira, wato ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. An yanka gonaki, kowace ana kiranta hawasha, aka raba wa manoma. Noman auduga kuwa yana cin hannu, musamman lokacin tsinka, saboda haka aka buƙaci 'yan ƙwadago masu yawa. Hausawa da sauran Fallata da mutanen Darfur da Cadi suka cike wannan gurbi. Wasunsu sun sami hawasha a shekarun 1930, lokacin da farashin auduga ya faɗi har wasu masu gonaki suka watsar da nasu. Mafi yawa dai sun zauna ne a matsayin leburori, a 'yan tungayen da ke gefen magudanan ruwa, waɗanda ake kira kambo, jam'i kanabi.

3.0 Abin da Yaro Yake Koya a Gida da Makarantar Allo

Duk inda Hausawa suka yada zango, masallaci da makarantar allo ne farkon abin da suke kafawa. A Sudan ana kiran makarantar allo khalwa, kuma tsarinta bai bambanta sosai da na ƙasar Hausa ba: allo da tawada, da wutar kiskali da dare, da malami da almajiransa. Wannan kamanni ya sa Bahaushe bai ji baƙunta ba ta fuskar karatun Alƙur'ani.

Makarantar allo ba ta da darasin labarin ƙasa, amma yaron ƙauyen Hausawa ba ya tashi da jahilcin duniya. A bakin tsofaffi yake jin sunayen zangunan hanya a jere: Kano, Maiduguri, Fallomi, Abashe, Jinaina, Fashir, Ubayyid, Kosti, Madani, Kasala, Sawakin, Jidda. Yana jin labarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da maganar da aka daɗe ana yi a Sakkwato cewa wata rana jama'a za su yi ƙaura zuwa gabas, zuwa bakin Nilu. Yana jin yadda aka yi a Burmi. Wannan ita ce taswirar da yake riƙe da ita a ka. Ta faro daga yamma ta nufi Makka, Sudan kuwa zango ce a tsakiya.

Masanin zamantakewa C. Bawa Yamba, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Hausawa na Jazira ya kuma wallafa littafi a kansu a 1995, ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan suna kiran kansu matafiya a kan hanyar hajji. Mutumin da ya ɗauki kansa matafiyi ba ya gaggawar gina gidan bulo, ba ya kuma gaggawar kai ɗansa makarantar gwamnati. Ga kuma tsohon ƙin boko da iyaye suka taho da shi. Mutanen da suka baro ƙasarsu don kada Nasara ya mulke su, da wuya su miƙa 'ya'yansu ga makarantar da Nasaran ya kafa a wata ƙasa.

4.0 Rufa'a da Farkon Makarantun Zamani

Rufa'a gari ne a gabashin Shuɗin Nilu, yana fuskantar Hasahisa da ke ɗaya ƙetaren. Nan ne mazaunin gidan Abu Sin, masu sarautar ƙabilar Shukriyya. Sunan garin ya shiga tarihin ilimi ta dalilin Shaihu Babikir Badri, wanda ya yi yaƙi a rundunar Mahadi a ƙuruciyarsa, daga baya ya koma kasuwanci, sannan malanta. A 1903, shekarar da aka yi Burmi, ya buɗe makarantar yara maza a Rufa'a. A 1907 kuma ya buɗe ta 'yan mata a gidansa da yara 17, tara daga cikinsu na gidansa ne, takwas na maƙwabta. Daraktan ilimi na lokacin, James Currie, ya yarda ne bisa sharaɗin cewa makarantar za ta kasance da sunan Babikir Badri da kuɗinsa, don gudun abin da jama'a za su ce wa gwamnati. Wannan ita ce makarantar 'yan mata ta farko da ɗan ƙasar Sudan ya kafa bisa tsarin zamani, kuma daga wannan tushe ne makarantun Ahfad suka fito, har aka kai ga kwalejin mata ta Omdurman a 1966, wadda ta zama jami'a daga baya.

Makarantun farko na gwamnati, waɗanda ake kira kuttab, manufarsu ƙanƙanuwa ce: a samar da akawu da ƙananan ma'aikata. Ana koyar da Larabci da lissafi da addini, da ɗan abin da ba a rasa ba na labarin ƙasa, duk ta hanyar hadda. Bayan boren 1924, Turawa suka tsorata da 'yan boko, suka karkata ga sarakunan gargajiya, suka kuma shiga ba wasu makarantun allo tallafi maimakon buɗe sababbin makarantu. Ba a daɗe ba aka gane cewa wannan dabara ba ta haifar da ɗa mai ido ba.

5.0 Bakhtur Ruda da Abokai Tara

A 1934 aka buɗe cibiyar horar da malaman elamantare a Bakhtur Ruda, kusa da Duwaim a bakin Farin Nilu, a ƙarƙashin wani Bature mai suna V. L. Griffiths. An zaɓi karkara da gangan, don malamai su saba da rayuwar ƙauye inda za su je aiki. Mataimakinsa shi ne Abdurrahman Ali Ɗaha, wanda ya zama ministan ilimi na farko a Sudan a 1948. Aikin cibiyar bai tsaya ga horar da malamai ba. A nan ake rubuta littattafai, a gwada kowane darasi a aji, a gyara, sannan a aika wa makarantu.

Mafi shahara cikin littattafan da aka yi a nan shi ne na labarin ƙasa na aji uku, mai suna Subulu Kasbil Aishi fis Sudan, wato hanyoyin neman abinci a Sudan. Marubutan sun yi watsi da haddar sunayen koguna da duwatsu. Sun zagaya ƙasar da kansu, suka zaɓi gidaje tara a wurare tara, a kowane gida kuma suka ɗauki mutum ɗaya suka mai da shi abokin 'yan aji. Malami yakan shirya yara kamar za su yi tafiya ta gaske. A nuna hanya a taswira, a faɗi inda za a hau jirgin ƙasa da inda za a hau mota ko raƙumi, sannan a sauka gidan aboki a ga irin ɗakinsa da abincinsa da tufafinsa da sana'ar mahaifinsa.

Wuraren tara su ne Golid a arewa, ƙasar dabino da noman bakin kogi. Da Rira a Buɗana, wurin makiyayan raƙuma. Da Jufail a Kordofan, ƙasar gero da ƙaro. Da Babanusa, wurin makiyayan shanu. Da Yambiyo a kudu, ƙasar Zande mai rogo da ruwan sama. Da Muhammad Gol a bakin Bahar Maliya. Da Wad Sulfab a Jazira, wurin manoman auduga. Da Aɗbara, garin jirgin ƙasa. Da kuma birnin Omdurman. Har yau dattawan Sudan da suka yi elamantare a wancan zamani suna tuna Siddik na Golid da Mango na Yambiyo kamar waɗanda suka taɓa cin abinci tare da su.

Babu shakka dabarar ta yi kyau. Yaron da bai taɓa fita daga ƙauyensu ba ya san cewa akwai ɗan'uwansa a kudu da ba ya jin Larabci, da wani a gabas da yake zaune a bakin teku. Yaron Rufa'a ma ya sami nasa a ciki har sau biyu, domin Rira ƙasar Shukriyya ce, Wad Sulfab kuma tana ƙetaren kogi. Sai dai a cikin abokan nan tara babu Bafallace ko ɗaya. An ziyarci mai hawasha, ba a ziyarci wanda yake tsinkar audugar a kambon da ke bayan gonar ba. Ɗan Bahaushen da ya samu shiga aji ya zagaya Sudan kaf a cikin littafi, bai ga gida irin nasu ba, bai ji harshensu ba. Sauran yaran ajin ma sun gama shekara ba a nuna musu cewa maƙwabcin nan mai sayar da agashe, wato tsiren da sunansa ya fito daga kalmar Hausa "a gashe", yana cikin mutanen ƙasa ba.

Darasin tarihi ma haka ya tafi. An koyar da daular Funj ta Sinnar, wadda ta tsaya daga 1504 zuwa 1821, da mulkin Turkawa da Misirawa, da zamanin Mahadi daga 1881 zuwa 1898. Dangantakar Sakkwato da Sudan ba ta sami wani gurbi na a zo a gani ba, alhali Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi musayar wasiƙu da Mahadi, kuma mutanen yamma da yawa sun yi yaƙi a rundunarsa.

Wani abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci Arewacin Nijeriya tana ɗiban ilimi daga Sudan. Malaman Sudan ne suka koyar a makarantar shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A tsakiyar shekarun 1950 kuma aka tura ɗalibai irin su Abubakar Gumi da Shehu Galadanci da Halliru Binji zuwa Bakhtur Ruda. Ke nan Bahaushen Kano da Sakkwato ya sami kujera a cibiyar, ɗan'uwansa da aka haifa a Jazira kuwa bai sami shafi a littafinta ba.

6.0 Dokar Zama Ɗan Ƙasa

Rashin nan na littafi ya yi daidai da abin da doka ta tanada. Dokar 1948, da wadda ta gaje ta a 1957 bayan samun mulkin kai, sun ɗauki mutum ɗan Sudan na asali ne idan shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Jama'ar Mai Wurno sun iso bayan 1903, 'yan ƙwadagon auduga kuma bayan 1925, don haka wannan rana ta bar mafi yawansu a waje. Wanda ba shi da takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, yana shan wuya wajen samun hawasha da aikin gwamnati da ci gaba da karatu. Uban da ya san ɗansa ba zai sami aiki ba ko ya yi karatun, sai ya ga gara ya bar shi a gona da makarantar allo. Daga baya an sassauta, har dokar 1994 ta mayar da ranar zuwa 1 ga Janairu, 1956, amma kafin nan an yi asarar zuriya biyu ko uku.

Matsalar harshe ma tana nan. Larabci ne harshen koyarwa tun daga aji ɗaya. Yaron da ya tashi da Hausa a kambo yana fara koyon harshen malami ne kafin ya fara koyon darasi. Masanin harshe Al-Amin Abu-Manga, wanda shi kansa ɗan Mai Wurno ne, ya nuna a littafinsa na 1999 yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci a kalmomi da furuci. A birane kamar Madani da Khartum, yara da yawa sun fi sakewa da Larabci a kan Hausa. A Arewacin Nijeriya kuwa da Hausa aka yi karatun elamantare, har aka buga littattafan tarihi irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu tun farkon shekarun 1930.

7.0 Sauye-sauyen Manhaja Bayan Mulkin Kai

Tsarin da aka gada daga Turawa shi ne shekara huɗu a elamantare, huɗu a midil, huɗu a sakandare. A 1970, zamanin Numairi, ministan ilimi Muhyiddin Sabir ya mayar da shi shida da uku da uku, aka kuma ƙara karkata manhaja ga kishin Larabawa. Sannu a hankali abokan nan tara suka fita daga aji. A farkon shekarun 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta kawo tsarin shekara takwas na ilimin tushe da uku na sakandare. A wannan tsari aka narkar da labarin ƙasa da tarihi da kimiyya a cikin darasi guda mai suna al-Insan wal Kaun, wato mutum da halitta, aka gina shi bisa manufar gwamnatin ta Musuluntar da ilimi. Ta fuskar addini wannan bai ware Bahaushe ba, tunda Musulmi ne, amma siffar ɗan ƙasa da littattafan suka zana ta fi kama da Balaraben bakin Nilu.

Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya bayyana dukkan harsunan ƙasar a matsayin harsunan ƙasa da ya kamata a raya, sai dai wannan bai sauya harshen aji a Jazira ba. Bayan faɗuwar al-Bashir a 2019 aka fara komawa tsarin shida da uku da uku, aka kuma shiga rubuta sababbin littattafai a ƙarƙashin Umar al-Garrai. Rigima ta tashi a kan littafin tarihi na aji shida saboda wani zanen Michelangelo da aka sa a ciki. A Janairun 2021 Firayim Minista Abdalla Hamdok ya dakatar da sabuwar manhajar, al-Garrai kuma ya ajiye aiki.

A tsawon waɗannan shekaru 'ya'yan Hausawa da yawa sun shiga makaranta, an sami malamai da likitoci da lauyoyi a cikinsu. Amma kanabi da dama sun ci gaba da zama ba makaranta ba ruwan famfo, domin hukuma ba ta lissafa su cikin ƙauyuka na dindindin. Wannan ne ya sa mazaunansu suka kafa ƙungiyar Mu'utamar al-Kanabi don neman filin zama da makarantu da asibiti.

8.0 Rikicin 2022 da Yaƙin 2023

Tambayar da aji bai amsa ba ta fito fili a jihar Shuɗin Nilu a watan Yuli na 2022. Hausawan jihar sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin suka ƙi bisa hujjar cewa sarauta tana tafiya ne da mallakar ƙasa, Hausawa kuwa baƙi ne. Faɗa ya ɓarke a yankin Rusairis da Damazin, aka kashe fiye da mutum 100. Hausawa suka yi zanga-zanga a Khartum da Kasala da Gadarif da wasu garuruwa. A watan Oktoba na shekarar aka sake gwabzawa a Wad al-Mahi, inda wajen mutum 200 suka rasu.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. A Oktoban shekarar hukumar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. A Disamba dakarun suka kama Madani da Rufa'a, a Oktoban 2024 kuma aka yi mummunan kisa a garuruwan gabashin Jazira. Da sojoji suka ƙwace Madani a Janairun 2025, an kai hare-haren ramuwa a kan wasu kanabi bisa zargin mazaunansu da goyon bayan abokan gaba.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa yaron Bahaushe a Rufa'a da Jazira ya tashi ne tsakanin taswira biyu. Ta gida ta ɗauki Sudan a matsayin zango a kan hanyar Makka, ta makaranta kuma ta zana Sudan ba tare da shi ba. Ba za a ɗora wa littafin aji uku alhakin jinin da aka zubar ba, domin rigimar fili da sarauta da siyasa ce ta kawo shi. Duk da haka, kalmar "baƙo" da aka jefi jikokin mahajjata da ita a 2022 ta sami wurin zama ne a zukatan mutanen da makaranta ba ta taɓa gaya musu wani abu dabam ba. Dabarar Bakhtur Ruda ta kai yaro gidan ɗan'uwansa tana da amfani har gobe. Duk ranar da Sudan ta zauna sake rubuta littafin yaranta, akwai buƙatar a ƙara aboki na goma, wanda gidansu yake kambo ko Mai Wurno, wanda zai tari baƙinsa da Hausa da Larabci.